Gajiyar Da Ba Ta Fartanya Ba

Maigida, ka san gajiyar noma. Ka wuni kana huɗa, ka ci tuwo ka kwanta, gari ya waye ta tafi. To, akwai wata gajiya wadda ba a gadon baya take ba, a kai take. Ita ce gajiyar yawan yanke shawara.

Duba yadda a kan yi a watan Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero kuwa bai nuna ba. A sayi taki ko a sayi hatsi? A sayar da akuya yau, ko a jira kasuwa mai zuwa? Yaro yana zazzaɓi, a kai shi asibiti ko a ga gobe? Ga bikin 'yar ƙanenka, ga mai bin bashi a ƙofar gida. Mai wadata ba ya auna waɗannan, biya kurum ya kan yi. Talaka kuwa sai ya juya kowane ɗaya a zuci, tun asuba har lisha. Uwargida ma haka, mudu ɗaya, baki takwas.

Masana sun gwada wannan a ƙasar Indiya, aka buga sakamakon a 2013. Sun sami manoman rake 464 a ƙauyuka 54 na jihar Tamil Nadu, suka yi musu gwajin kaifin hankali sau biyu, watau kafin a sare rake, lokacin da hannu ya bushe, da bayan an biya su. Mutanen dai su ne, amma bayan kuɗi ya shigo sun fi ƙoƙari ƙwarai. Masanan suka ce ba yunwa ko wahalar aiki ce sanadi ba, lissafin yau da gobe ne ya cinye musu hankali.

In wannan gajiya ta kama mutum, sai ka ga yana faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, yana mantuwa, ko a tambaye shi ya ce, "Ku yi yadda kuka ga dama." Ba lalaci ba ne.

Dabarar ita ce a gama manyan shawarwari tun hankali yana kwance. Da kaka, ku zauna da iyali ku raba amfanin gona: wannan na iri, wannan na ci har damina, wannan na sayarwa. Na iri ba a taɓa shi, ko wa ya zo. A ware kuɗin magani dabam. Sa'an nan ku tsai da magana ɗaya tun yau: duk yaron da jikinsa ya yi zafi, a kai shi asibiti a ranar, ko kana gida ko ba ka nan. Ka ga ranar da abin ya faru ba sauran gardama da tsakar dare.

Jinginar da gona ko cin babban bashi kuwa, kada ka yanke da yamma bayan ka dawo daga kasuwa. Ka kwana a kai, ka ji ta bakin wani dattijo.

In har mako biyu suka wuce ba ka iya barci, abinci ba ya shiga, kome ya fita daga ranka, je ka ga ma'aikacin lafiya na garinku.