Daga Tsunami zuwa Kwarin Keita: Agajin Yini Ɗaya da Aikin Shekaru

Ranar 26 ga Disamba 2004 ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin teku kusa da tsibirin Sumatra na Indonesiya. Ruwa ya yi toroƙo ya afka wa garuruwan gaɓa, mutum kusan 230,000 suka rasu a ƙasashe 14, har da Somaliya a nan Afirka. Ita ce igiyar da ake kira tsunami. Mutumin Keita ko Buza a yankin Adar na Nijar, wanda tsakaninsa da teku kusan kilomita dubu ne, zai iya cewa ina ruwan biri da gada. Sai dai a shekarar da ta biyo baya, abin ya taɓa tukunyar gidansa.

Damanar 2004 ta yanke da wuri a Nijar, fara kuma ta sauka ta cinye ɗan abin da ya yi saura. Kafin bazarar 2005 rumbuna sun ƙare, tiyar hatsi ta fi ƙarfin talaka, sama da mutum miliyan uku suka shiga matsalar cimaka. A lokacin hankalin duniya yana Asiya, inda alkawarin gudummawa ya haura dala biliyan 13. A watan Mayu Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi dala miliyan 16 kacal domin Nijar, aka yi makonni shiru kamar an shuka dusa. Sai da hotunan yara masu tamowa daga Maraɗi suka fita a talabijin a watan Yuli sannan masu hannu da shuni suka motsa.

Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wani abu da ya cancanci a tuna. Kwanaki kaɗan bayan tsunami ta fito ta ce kuɗin da ta samu sun ishe ta aikin can, a daina aiko mata da sunan tsunami, ta kuma roƙi waɗanda suka riga suka bayar su yarda a kai ragowar inda ake bukata. Nijar na cikin wuraren da suka amfana, aka buɗe cibiyoyin kula da yara a Maraɗi, Dakoro, Tawa da Keita. A duniyar ƙungiyoyin agaji, ba kasafai ake jin wani ya ce "ya isa haka" ba.

A Aceh, lardin Indonesiya da ya fi ɗanɗana kuɗarsa a tsunami, yawan kuɗin bai hana kuskure ba. An raba wa masunta jiragen da ba su jure teku, an gina gidaje a wuraren da masu su ba su so, wasu suka zauna ba kowa. Abin da ya daidaita aikin shi ne hukuma guda, BRR, da gwamnatin Indonesiya ta kafa a 2005 domin ta tattara kowa a layi ɗaya. Cikin shekara huɗu an gina gidaje kusan 140,000.

Mu a Adar mun ga irin wannan doguwar tafiya tun kafin su. Bayan farin 1984, ƙasar Italiya da hukumar FAO da hukumar abinci ta PAM suka soma aikin raya karkara na Keita, daga baya ya faɗaɗa zuwa Buza da Abalak. Ba buhu aka sauke aka juya ba. Gina ka ci aka yi: ka fito aiki, a auna maka cimaka. Da yake maza sun tafi bida Najeriya da Abijan, mata ne suka ɗauki mafi yawan nauyin. Wanda ya gani ba ya mantawa: mace da goyo a baya, gammo a kai, dutse bisa gammo, tana hawan gangaren tsauni cikin zafin bazara, ta aje shi a jerin da zai tare ruwa. A bayan jerin an haƙa rami, an dasa icce. Ruwan da a da yake gangarowa a guje ya tsaga gona ya yi gaba da ƙasar noma, sai ya tsaya ya nutse. An farfaɗo da dubban hektoci na faƙo, an dasa miliyoyin itatuwa, an yi madatsai a bakin koramu, rijiyoyin lambu suka daina ƙafewa da wuri. A kwarin Majiya kuwa, tun 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka jera layukan dogon yaro domin karya iska, gero ya samu lafiyar tsayawa.

Wannan aikin ya fi shafarmu yau fiye da jiya, domin masifar ta sauya fuska. A damanar 2024 ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, jihar Tawa na cikin waɗanda suka ji jiki. Tsohon masallacin Damagaram ya rushe, aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba, wani ɓangare saboda waɗanda gidajensu suka faɗi suna kwana a azuzuwa. Gidan laka ba lallai korama ta ɗauke shi ba: ruwa ya kwanta a gindin bango kwana biyu, bangon ya jiƙe ya zauna, rumbu ya bi shi da hatsin da ke ciki.

Tabarma da bargo da gidan sauro da buhun shinkafa duk wajibi ne a makon farko, Allah Ya saka wa masu kawowa. Amma in magidanci ya koma ya buga tubali a daidai hanyar ruwan da ta rusa masa gida, baɗi ma za a sake rubuta sunansa a takardar rabo. Mai gari da hukumomin gari su ne ke da ikon ba shi fili a tudu. Madatsan da matan Keita suka gina sun haura shekara talatin, yashi ya cike wasu, wasu sun tsage. Yashe su da ɗinke su aikin rani ne, tsakanin kaka da faɗuwar ruwa, lokacin da babu mai ɗaukar hoto a garin.