Kayalfatnam: Garin Fatake Masu Ajaminsu

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi. To, a wannan fitowa za mu leƙa can kudancin Indiya, jihar Tamil Nadu, mu ga wani ɗan gari na bakin teku mai suna Kayalfatnam.

Garin yana cikin gundumar Tutukudi, yana fuskantar tsibirin Siri Lanka. A ƙidayar 2011 mutanensa sun ɗan haura 40,000. Harshensu Tamil ne. Mafi yawansu Musulmi ne mabiya mazhabar Shafi'i, amma akwai 'yan Hindu da Kirista, kuma kasuwa ɗaya suke ci. A cikinta za ka tarar da kifi ɗanye da busasshe, da shinkafa, da kwakwa, da ayaba, da wani sukari baƙi mai kama da mazarƙwaila wanda ake dafawa daga ruwan giginyar ƙasarsu.

Sai dai fa babbar kasuwar mutanen nan ba a cikin garinsu take ba. Tun zamanin da, wannan gaɓa ta yi suna wajen lu'ulu'u, wanda masu ninƙaya ke tsamowa daga ƙasan teku. Matafiyin nan Marko Folo ya biyo ta yankin a ƙarshen ƙarni na 13, ya ba da labarin tashar Kayal, inda jiragen Larabawa da Farisawa ke sauke dawaki. Waccan tsohuwar tashar tana arewa kaɗan da garin na yanzu. Ƙasar da kogi ke kwasowa ta cike bakinta, jirage suka daina tsayawa. Da tafiya ta yi tafiya, cinikin lu'ulu'un ma ya mutu. Amma zomo ba ya kamuwa daga zaune: mazan Kayalfatnam sai suka bazu neman halaliya, wasu Kolambo, wasu Cennai, wasu Hon Kon da ƙasashen Larabawa, suna cinikin duwatsu masu daraja da fatu da sauransu.

To, in maigida zai yi wata da watanni a waje, wa zai riƙe gida? Ga yadda suke yi. A al'adarsu iyaye 'ya mace suke ba gida, in an ɗaura aure ango ne ke tarewa wurin amarya. Saboda haka mace tana zaune kusa da mahaifiyarta da 'yan'uwanta mata. Har ma akwai ƙananan lunguna tsakanin gidaje da mata ke bi su gai da juna, ba sai sun fito babban titi ba.

Yanzu ga abin da ya fi shafar mu. Ɗan kasuwa yana nesa, yana so ya aiko wa iyali wasiƙa, da wane rubutu? Mutanen garin, maza da mata, sun san baƙaƙen Larabci tun daga makarantar Alƙur'ani. Sai suka riƙa rubuta Tamil da su. Wannan rubutu shi ake kira Arwi. Inda Larabci ba shi da harafin wani sauti, sai su ƙara ɗigo ko alama, kamar yadda mu ma muke ɗora wa ɗa-mai-hannu ɗigo uku ya zama "tsa". Kun ga ashe ajami ba namu ne mu kaɗai ba!

Da Arwi aka rubuta littattafan fiƙihu da waƙoƙin bege da magunguna da lissafin ciniki. Garin ya fitar da manyan malamai, irin su Shehu Sadaƙatullahi Appa, wanda aka haifa a nan a 1632, ya rasu a garin Kilakarai a 1703.

Amma a ƙarni na 20 Arwi ya ja baya ƙwarai. Injin ɗab'i da makarantun zamani sun fi tafiya da haruffan Tamil na asali, yara suka taso da su. Yau masu karanta Arwi 'yan kaɗan ne, galibi tsofaffi da malamai. Wato yaro zai iya buɗe akwatin kakarsa, ya ga wasiƙar da kakansa ya aiko daga Kolambo cikin harshen da shi kansa yake magana da shi, amma ya kasa karantawa.

Ku tambayi Baba ko Kaka ko akwai tsohuwar takardar ajami a gida, ta gona ko ta gado ko ta zumunci. In an samu, ku zauna a karanta tare. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.