Idan tsohuwar MGB ta fara ƙarar tsakuwa a gwangwani

Idan kana bin bidiyon tsofaffin motocin ƙwalisa a TikTok ko Instagram, da wuya a ce ba ka ci karo da MGB ba. 'Yar ƙaramar mota ce mai kujeru biyu, wadda ake naɗe rufinta, da aka ƙera a garin Abingdon na Ingila daga 1962 zuwa 1980. Sama da guda 500,000 aka yi, shi ya sa har yau kayan gyaranta ba sa wuya. A bidiyo fenti kawai kake gani yana ƙyalli, ga kiɗa an ɗora a kai. Abin da kiɗan yake rufewa shi ne wata ƙara da ke hana masu irin motar barci: ka saka giyar ƙarshe, ka doshi hawa, ka taka totur, sai ka ji kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwanin madara.

Turawan Ingila suna ce mata "pinking", Amurkawa kuma "pinging". Kada ka haɗa ta da abin da bakanikenku yake nufi in ya ce inji ya yi nokin. A wurinmu nokin yana nufin aikin gama ya gama, sai a sauke inji. Wannan kuwa gargaɗi ne, kuma sau da yawa maganinsa bai kai kuɗin tayar mota ɗaya ba, in dai an kama shi da wuri.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Fistin yana hawowa yana matse cakuɗin fetur da iska, fulogi ya ba da wuta dab da isarsa ƙololuwa, wutar ta bazu a hankali kamar yadda take cin busasshiyar ciyawa daga gefe guda. Haka ake so. Amma in zafi da matsi sun yi yawa, ragowar cakuɗin da wutar ba ta iso ba sai ya fashe da kansa lokaci guda. Wannan fashewar ce ke dukan bangon silinda da kan fistin, ita ce ƙarar da kake ji. In ta daɗe, tana karya ringi, ta ƙona gasket, ta zaizaye kan fistin har ya lalace.

Motar zamani tana da na'urar da ke jin wannan bugun, ta sanar da kwamfuta, kwamfutar ta jinkirta wutar fulogi kafin ma direba ya ankara. MGB ba ta da ko ɗaya. Kafireta biyu ne samfurin SU, sai distiributa ta kamfanin Lucas. Kunnenka ne na'urar.

To, ta ina za ka fara? Da farko ka tabbatar ita ce. Ƙarar bawul tana nan ko mota na tsaye, kuma tana bin gudun inji. Bugun metal na ƙasa mai nauyi ne, kamar ana dukan turmi. Tamu siririya ce, ba ta fitowa sai inji ya yi zafi kuma an ɗora masa nauyi. Ka bar shi ya ɗumama, ka saka giya ta huɗu a gudun kilomita 50, ka taka totur sosai. In ta fito, sannan ta ɓace da ka ɗaga ƙafa ko ka sauko giya ta uku, ka kama ɓarawonka.

Wanda ake fara zargi shi ne fetur. Injin MGB mai matsi sosai yana matse cakuɗin ninki 8.8, kuma an tsara shi ne a zamanin fetur mai sinadarin dalma, wanda ke hana wannan fashewar. Tun 1921 aka gano amfanin sinadarin a kamfanin General Motors, amma guba ne, musamman ga ƙwaƙwalwar yara. Birtaniya ta hana sayar da shi a 2000, Aljeriya kuma ita ce ƙasar ƙarshe da ta daina a 2021. Fetur na yau da kullum a Birtaniya lambar oktensa 95 ce, ƙasa da wanda motar ta saba sha, don haka mai MGB a can yakan gwada tanki guda na mai lamba 97 zuwa 99. In ƙarar ta tafi, shi ke nan.

In ba ta tafi ba, sai taimin, kuma a nan yawancin matsalar take. Wutar da ta zo da wuri fiye da kima tana sa matsi ya kai ƙarshe alhali fistin bai gama hawowa ba. Ana duba wannan da fitilar taimin. Tsohuwar distiributar Lucas 25D ma tana da ɗan dunƙulen juyawa a gefenta, mai alamar A da R, na gaggauta wuta ko jinkirta ta. Ka jinkirta da digiri 2, ka koma kan hawan nan, ka saurara. Ka maimaita har ƙarar ta ɗauke. Kada ka zarce fa. Wasu don su huta sai su mayar da taimin baya sosai, ƙara ta tafi, amma mota ta yi sanyin jiki, ta riƙa shan mai, inji ya riƙa zafi, bawul ɗin hayaƙi ya ƙone. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan.

Akwai wani tarko kuma. Taimin zai iya zama daidai a tsaye amma ya kauce a kan hanya. Cikin distiributa akwai ƙananan ƙarafa biyu da sifirin ke riƙe da su. Gudun inji na ƙaruwa suna buɗewa, suna gaggauta wuta. Sifirin da ya shekara 50 ya saki, don haka ƙarafan suna buɗewa tun lokaci bai yi ba. Lambar da ke littafin mota ba za ta cece ka a nan ba, sai an sake sifirin ko an gyara distiributar. Haka nan akwai siririn tiyo da ke zuwa mata daga wajen kafireta. In ƙarar tana zuwa ne lokacin da ka ɗan taɓa totur kawai, ka cire tiyon, ka toshe shi, ka sake gwadawa.

Daga nan ka kwance fulogi ka duba bakinsa. Ruwan ƙasa mai haske lafiya ce. Fari fat yana nufin iska ta fi mai yawa, irin wannan cakuɗin kuma zafinsa ya fi tsanani. A kafiretar SU, sandar totur da ta ci takan riƙa shigar da iska ta ɓarauniyar hanya. Ka kuma tabbatar fulogin na motar ne, irin Champion N9Y, ba wanda aka samu a kusa ba. Lagireto da ya toshe ma yana da hannu.

Buɗe inji shi ne na ƙarshe, ba na farko ba, ko da wani ya rantse maka. Baƙin gawayi da ya taru a kan fistin yana rage fili, matsi ya ƙaru. Top silinda da aka sha gogewa cikin shekaru shi ma haka. Na'urar awon matsi za ta nuna maka kafin a taɓa ƙusa ko ɗaya.

Za ka ce ina kai ina MGB. Gaskiya ne, amma tsohuwar Peugeot 504 da aka harhaɗa a Kaduna, wadda wataƙila tana nan a garejin gidanku, kafireta da distiributa ne da ita, kuma irin wannan ƙarar take yi a kan hawa. Bambancin shi ne gidajen manmu ba su ba ka zaɓin okten, fetur iri ɗaya ne a famfo. Don haka kai daga taimin za ka fara.