Kitse A Hanta: Ciwon Da Ke Bin Masu Suga A Ɓoye

Duk ɗan kasuwar da ya sauka Yawunde daga Kye-Ossi ko Garuwa-Bulai ya san da magariba ƙafarsa sai Briqueterie. Can ne tsire da kilishi, can ne mai shayi ke zuba madarar gwangwani har cokali ya kusa tsayawa. Mu da muke zaune a unguwar ba ma ganin laifin wannan. Abin da ya dame mu shi ne yadda masu ciwon suga a cikinmu ke gwada jini kullum, amma ba wanda ke tambayar lafiyar hantarsa.

Da yawanmu mun ɗauka ciwon hanta na mashaya ne, mu kuwa ba ma sha. To, likitoci sun tabbatar fiye da rabin masu ciwon suga irin na manya suna da kitse a hanta, ko da ba su taɓa ɗanɗana giya ba. Idan jiki ya daina jin insulin, hanta kan mayar da rarar suga ta zama kitse, ta ajiye wani, ta tura wani cikin jini. Ita ce kuma ke haɗa mafi yawan kolestarol na jiki. Daga nan sai mai kyau ya ragu, marar kyau ya riƙa liƙewa a jijiyoyi. Shi ya sa ciwon zuciya ya fi kashe masu wannan matsala, ba hantar kanta ba.

Saboda haka kada a ɗora wa mai tsire laifin duka. Lemon kwalba, zoɓo mai zaƙi da zaman shago tun safe har isha'i suna da nasu kaso.

Ciwon ba ya zafi sai ya yi nisa, hanta ta taurare. Gwajin jini da hoton ciki ne ke nuna shi. Babban Asibitin Yawunde yana da sashen ciwon suga inda Farfesa Jean Claude Mbanya, shugaban Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya daga 2009 zuwa 2012, ya daɗe yana aiki. Idan an je, a nemi gwajin ciwon hanta nau'in B, domin yana da yawa a Kamaru.

Rage kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki yana sauke kitsen: mai kilo 90 ya zubar da kilo 6.3 zuwa 9. Jiƙe-jiƙen “wankin hanta” da ake tallatawa a tasha kuwa, wasunsu hantar suke ƙara wa aiki.