Ƙara wa Ƙwaƙwalwar Kwamfuta Gudu da Matsalar Ingancin Lissafinta

A nan za mu dubi yadda ake tilasta wa ƙwaƙwalwar kwamfuta gudu fiye da ƙa'idar maƙeranta. Alal misali, Celeron 300A ta kamfanin Intel, ta 1998, tana ninka bugun babban allo sau 4.5. In aka ɗaga bugun daga megahaz 66 zuwa 100, sai gudunta ya tashi daga 300 zuwa 450. To, amma sau da yawa ƙarin gudu yakan bukaci ƙarin lantarki, wanda ke haifar da zafi. A ganinmu, tsayawar na'ura ba ita ce babbar illa ba. Illar ita ce ta ci gaba da aiki tana kuskuren lissafi ba a ankara ba. Shi ya sa akan ɗora mata manhajar Prime95 na sa'o'i da dama, tana gwada amsoshinta da waɗanda aka riga aka tabbatar.