Abin da Ke Sa Tawul Ya Ƙandare Bayan Wanki

Sabon tawul yakan zo da laushi, amma bayan 'yan wanke-wanke sai ya ƙandare kamar ƙirgi, ya riƙa kartar jiki, musamman da hunturu lokacin da fata ta riga ta bushe ta yi kaushi. Da yawa sukan ce ɗan kasuwa ne ya sayar musu da jabu. Wani lokacin haka ne, amma galibi laifin yana wajen wanki da shanya.

Idan ka duba tawul da kyau, za ka ga dubban ƙananan madaukai na zaren auduga a tsaitsaye. Su ne ke tsotse ruwa daga jiki, kuma iskar da ke tsakaninsu ce ke ba shi laushi. Daga Turkiyya wannan saƙa ta yi suna, kafin kamfanin Christy na Ingila ya fara yin ta da inji a 1850. Duk abin da ya kwantar da madaukan nan, ko ya liƙe su da juna, ya lalata tawul.

Abin mamaki, ruwa kansa yana cikin masu liƙe su. A 2020 masu bincike na kamfanin Kao da Jami'ar Hokkaido ta Japan sun nuna cewa ko bayan auduga ta bushe, akwai ɗan ruwan da ke maƙalewa a jikin zaren, wanda ido ba ya gani, hannu ba ya ji. Shi ne ke haɗe zare da ɗan'uwansa idan kaya ya bushe ba tare da motsi ba. Shi ya sa tawul ɗin da ya fito daga injin busar da kaya yake da laushi: ana ta jujjuya shi ne har ya bushe. Mu da muka dogara da igiyar shanya ba mu yi asara ba. A kama gefen tawul a kakkaɓe shi da ƙarfi kafin a shanya, a sake kakkaɓewa bayan an ɗauke, a ɗan murza shi tsakanin hannuwa. Wannan kaɗai yana ta da madaukan da suka kwanta, kuma ba ya cin ko kwabo.

Sai maganar sabulu, inda a ganina aka fi yin ɓarna. Mun ɗauka yawan kumfa shi ne tsafta, sai a zuba omo son rai. Tawul kuwa yana da kauri, yana riƙe sabulu fiye da riga ko zane, abin da ɗauraya ba ta fitar ba kuma a nan zai bushe. Lamarin ya fi muni inda ruwan rijiya ko na burtsatse yake ɗauke da sinadaran kalsiyam da magniziyam masu yawa. Irin ruwan nan ne sabulu ke ƙin yin kumfa a cikinsa, mai wanki ya ƙara goga sabulu, sinadaran su haɗu da shi su zama wani daskararren abu mai toshe zaren. Ɗan ruwan kanwa da aka jiƙa aka tace yana rage wannan matsala a ruwan wanki, ruwan sama na damina kuwa ba shi da ita. Na san a unguwannin da ake sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa, ɗauraya sau uku ba ƙaramin abu ba ne. To a rage omon tun farko, ruwan ɗauraya zai ragu. Man shafawa da tawul ke kwasa daga jiki shi kuma ruwan ɗumi yake so.

Ruwan nan mai ƙamshi da ake sayarwa don sa kaya laushi, shafe zaren yake yi da wani abu mai maiƙo. Hannu zai ji santsi, amma a hankali tawul ya rage shan ruwa, ka goge jiki ruwan yana nan. Ya fi kyau lokaci-lokaci a zuba rabin kofin shayi na farin ruwan khal a ɗaurayar ƙarshe, don tsaminsa yana narkar da ragowar sabulu, warinsa kuma yana tafiya idan kayan ya bushe. Amma kada a kuskura a haɗa khal da bilic, domin haɗin yana fitar da iska mai guba da ke cutar da huhu.

Idan mai wanki da guga ake ba wa kaya, a yi masa bayani. Hannunsa ya saba da shadda, wadda ke son sitaci da bugu da dutsen guga mai zafi don ta kwanta ta yi ƙyalli. Tawul ba ya son ko ɗaya daga cikinsu. A shanya shi a buɗe inda iska ke kaɗawa, a ɗauke da zarar ya bushe, kada a bar shi ya wuni a tsakar rana. Da damina kuma a tabbatar ya bushe sarai kafin a ninke, don danshi ne ke kawo warin gumi da baƙin ɗigon nan na fumfuna.