Motar Kaya Ta Zama Motar Mutane da Ɗakin Kwana

Akwai wata irin mota da ba ta kai kamiyo girma ba, amma ta fi ƙaramar mota. Bayanta a rufe ya ke kamar akwatin ƙarfe, ba taga, ba kujera. Don ɗaukar kaya aka ƙera ta. Da Faransanci ana ce mata furgon. Cikin motocin Toyota Hiace, da Ford Transit, da Mercedes Sprinter duk akwai irinta.

A Turai da Amurka mutane su kan sayi wannan mota su sake mata ciki. Da rana tana ɗaukar iyali a kan kujeru. Da dare a shimfiɗe kujerun su zama gado. Akwai wurin dafa abinci, akwai ruwa, akwai fitila. Aikin yana da ban sha'awa, amma ba wasa ba ne. An ƙera motar don buhu da kwali, ga shi kuma za ta ɗauki rai.

Mafarin abin

A shekarar 1947 wani ɗan kasuwar motoci na ƙasar Holan, mai suna Ben Pon, ya zana wata mota mai kamar akwati cikin ɗan littafinsa. Kamfanin Volkswagen na Jamus ya fara ƙera ta a 1950. Akwai ta kaya zalla. Akwai kuma wadda ake kira Kombi, mai tagogi da kujerun da ake iya cirewa. Ma'anar sunan ita ce haɗi, don tana aikin kaya tana aikin mutane.

A 1951 wani kamfanin Jamus mai suna Westfalia ya fara yi mata kayan zango. Ranar hutu a sa su cikin mota a tafi yawo. In an dawo a fitar da su, mota ta koma aikinta. An daɗe ana ƙera Kombi. A ƙasar Birazil aka yi ta ƙarshe, a 2013.

Mutanen Nijar sun ga irin waɗannan motoci. A shekarun 1970 da 1980 Turawa masu yawon buɗe ido suna ƙetare Sahara da su, daga Tamanrasat ta Aljeriya zuwa Arlit da Agadas. Ban da haka, tsofaffin motocin kaya da yawa sun shigo daga Turai ta tashoshin jiragen ruwa na Kwatano da Lome. A garaji aka buɗe musu taga, aka jera musu kujeru, suka shiga tashar mota suna ɗaukar fasinja.

Lissafi kafin guduma

Mai jaki ya san iyakar abin da jakinsa ke ɗauka. Haka mota ta ke. Kowace tana da nauyin da ba a yarda ta wuce ba, kuma a rubuce ya ke cikin takardarta da jikin wani ɗan ƙarfe da aka manna mata. A Faransa da Jamus, mai takardar tuƙi ta ajin B yana tuƙa motar da ba ta wuce kilo 3.500 ba, kuma mazauninta bai fi 9 ba, har da na direba.

Ga misali. A ce iyakar mota kilo 3.500 ne, ita kanta kuma ba kaya tana da kilo 2.200. Saura kilo 1.300. Sai a fara cirewa:

Daɓen katako da abin tare zafi: kilo 90.
Kujeru: kilo 80.
Gado da akwatunan ajiya: kilo 150.
Batir da faifan hasken rana: kilo 60.
Ruwa litir 80: kilo 80.
Murhu da tukunyar gaz: kilo 30.

Duka kilo 490 ke nan. In an cire daga 1.300, saura 810. A Turai, wajen irin wannan lissafi, ana ba kowane mutum kilo 75. Mutum 6 sun yi kilo 450. Abin da ya rage na abinci da tufafi da sauran tarkace kilo 360 ne kawai.

Motar da aka yi wa lodi fiye da kima ba ta jin birki da wuri. Tayoyinta suna zafi har su fashe. Inda aka ajiye nauyin ma abin lura ne. In mangala ta karkata gefe guda, jaki ba ya tafiya daidai. Don haka ruwa da batir a ƙasa ake sa su, tsakanin tayoyin gaba da na baya. Kaya masu nauyi bisa rufi suna sa mota ta kife a kwana.

Buɗe taga da tare zafi

Da farko ana kwashe duk abin da ke ciki, a wanke, a nemi tsatsa. Inda ta ci a kankare, a shafa fenti. Tsatsar da aka rufe da katako ba ta daina ci ba, ɓuya kawai ta yi.

Daga nan sai taga. Jikin mota yana da haƙarƙari na ƙarfe, kamar yadda azara ke riƙe rufin soro. Tsakanin haƙarƙarin ake yanka, inda ƙarfe ya ke fale-fale. Wanda ya yanke haƙarƙari ya raunana motar duka. Ana shafa fenti a bakin yankan, a sa roba, kana a ɗora gilashi, don kada ruwan sama ya shiga.

Ƙarfe yana ɗaukar zafi da sauri, yana ɗaukar sanyi da sauri. Motar da aka rufe cikin rana, zafin cikinta yana iya wuce digiri 60. Shi ya sa ake cusa soso ko gashin tumaki tsakanin ƙarfe da katako. Ana kuma buɗe ƙofar iska a rufi, domin iska mai zafi sama ta ke tashi. Farin fenti ya fi baƙi korar rana.

Kujeru

Nan ne wurin da ya fi ko'ina haɗari. Motar da ke gudun kilometir 50 a awa, in ta yi karo da bango, daidai ya ke da faɗowa daga tsawon metir 10. A wannan lokaci kujera da wanda ke kanta suna fizgar daɓen mota da ƙarfin gaske. In da ƙananan ƙusoshi aka kafa ta cikin katako, tsigewa za ta yi, ta haɗa mutanen baya da na gaba.

Saboda haka ana huda ƙarfen daɓe, a sa manyan notuna, a tare su daga ƙasa da faranti na ƙarfe mai kauri. Kafin a huda sai a leƙa ƙarƙashi, domin can tankin mai ya ke, da bututun birki, da wayoyi. Kowace kujera tana bukatar ɗamararta, ita ma a ɗaure ta ga ƙarfe, ba ga katako ba. Bencin da mai walda ya haɗa a bakin hanya ya fi araha, amma ba wanda ya gwada ƙarfinsa. Kujerar da aka ƙera don mota an gwada ta a masana'anta.

Tsakanin gaba da baya motar kaya ta kan zo da shinge na ƙarfe. Aikinsa tare kaya ne in an taka birki. In an cire shi, dole a ɗaure kowane akwati da kowane bido.

Gado

Ciki ba faɗi, don haka abu guda ya kan yi aiki biyu. Kujerar baya tana buɗewa ta zama gado mai tsawon santimetir 190 ko kusa da haka. Ƙarƙashinta wurin ajiya ne. Tebur yana naɗewa jikin bango. Wasu motoci ana ɗaga rufinsu in an tsaya, a sami gado na biyu a sama. Amma gado na tsayuwa ne. In mota na tafiya, kowa ya zauna ya ɗaura ɗamara.

Wuta, ruwa da gaz

Batirin mota na tada inji ne. In aka kwana ana shan wutarsa, da safe mota ba ta tashi. Don haka ake sa batir na biyu na fitila da fanka da firigo. Inji na cika shi a kan hanya, faifan hasken rana na cika shi a zango. Kowace waya tana bukatar fis kusa da batir, domin wayar da ta goge jikin ƙarfe tana iya tada gobara.

Ruwa bido biyu ne, ɗaya na sha, ɗaya na wanda aka yi wanke-wanke da shi.

Gaz ɗin girki ya fi iska nauyi. In ya tsiyaya, ƙasa ya ke taruwa. Shi ya sa ake sa tukunyarsa cikin akwati rufaffe mai rami a ƙasa, ya zurare waje. Akwai kuma wata guba da wuta ke fitarwa in iska ta yi mata kaɗan. Sunanta monoksid na karbon. Ba ta da launi, ba ta da wari. Mutum ya ji ciwon kai, ya ji barci, daga nan ba ya farkawa. Garwashin shayi ma yana fitar da ita. Ba a girki sai taga na buɗe. Ba a kwana da wuta ko da inji a kunne.

Takardu

Takardar mota, wadda ake kira kart giriz, tana faɗin irin motar da yawan mazauninta. In an sake mata ciki, sai a kai ta hukuma ta duba, a gyara takardar, a kuma sanar da masu asurans. In takarda ta ce mazauni 3 ne, aka yi haɗari da mutum 8, masu asurans suna iya ƙin biya.

Kafinta da mai walda da mai gyaran wuta suna iya mai da akwatin ƙarfe ɗaki mai daɗi. Amma nauyin da aka rubuta wa motar yana nan yadda ya ke. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Mene ne ma'anar sunan Kombi?
2. Don me ba a yanke haƙarƙarin mota?
3. Don me ake yi wa akwatin gaz rami a ƙasa, ba a sama ba?
4. Cikin misalin da aka bayar, saura kilo 810. In mutum 14 suka shiga, da kilo nawa aka wuce iyaka?
5. Ku auna metir 3 da metir 1,70 a filin makaranta. Ku zana inda kujeru, da gado, da ruwa za su zauna.